Sha Mini Nawa

"Jininki bai kai ba, baiwar Allah," in ji likita. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta kamar in ta ga lambobin za ta gane wani abu.

Yaya ba ta kalli kwamfutar ba. Ƙaninta ta kalla, yana zaune a gefenta ya haɗe hannuwa a kan cinya, ƙafafunsa sun kumbura har igiyar silifas ta nutse cikin naman. Kowa Auta yake ce masa, duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, kamar yadda kowa ke ce mata Yaya, har mai gidan wankin da take yi wa aiki.

"Likita, ba kai ka ce ƙodata ta dace da shi ba?"

"Ta dace, kamar don shi aka halicce ta. Amma ba zan shigar da ke ɗakin tiyata da wannan ƙarancin jinin ba. In na taɓa ki a haka, marasa lafiya biyu zan samu maimakon ɗaya. Sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙasa a jikinki, kuma da shi jiki ke haɗa jini. Za mu ɗora ki a kan ƙwayoyi. Da zarar jinin ya hau, sai mu sa ranar dashen ƙodar."

"In kuma bai hau ba?"

"Zai hau. Wannan ai shi ne mai sauƙin." Wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe yana laluben aljihu. "Ku biya ta wajen ba da magani, za su yi miki bayanin yadda ake sha."

Layin wajen ba da magani ya kai har bakin matakala. Yaya ta dubi layin, ta tuna tulin zannuwan gadon da ke jiranta a wurin aiki.

"Jeki abinki," in ji Auta. "Ni da asibitin nan ai mun zama 'yan gida ɗaya. Zan karɓo miki."

"Za ka iya tsayuwa?"

"Zan yi musu fuskar tausayi su ba ni kujera. Ita kaɗai ce ribar wannan ciwon."

Ta dungure masa kai kamar yana yaro, ta fita da sauri ta kama bas.

Tun da ƙodojin Auta suka daina aiki ya dawo wajenta, wani ɗan gida mai ɗaki biyu a saman bene, ita da 'yarta a ɗaki ɗaya, shi a ɗayan. A da shagonsa na gyaran kayan lantarki ba ya rabo da mutane. Yanzu teburin cin abinci ne shagon, maƙwabta na hawo masa da fanka da dutsen guga, yana kwance su a hankali yana hutawa tsakanin noti da noti. Sau uku a mako ake jona shi da injin wankin ƙoda, ya dawo a galabaice kamar tsumman da aka matse. An hana shi gishiri, ya haƙura. An hana shi ayaba, ya ce dama ba ta dame shi ba. Amma da aka auna masa ruwan da zai sha a yini cikin wata 'yar kwalba, aka ce shayi ma a ciki yake, sai da ya juya fuskarsa bango.

Marigayiya Innarsu ta rene su ne a kan doka ɗaya: ba a ɗauke kwano daga tebur sai an zuba shayi. Ko farar shinkafa aka ci ba miya, butar nan tata mai lotsattsen gefe sai ta sauka a tsakiya tun lomar ƙarshe ba ta wuce maƙogwaro ba, baƙi wuluk, kowa da kofinsa. A kansa ake faɗa, a kansa ake shiryawa. Da ta rasu, Yaya ta gaji butar, Auta ya gaji hannun dafawa.

Sai suka samo dabara. Auta zai dafa, ya zuba kofi biyu. Ya ɗauki nasa da hannu bibbiyu ya kai hanci, ya lumshe ido yana shaƙar tururin har ya fara hucewa. Sannan ya tura mata shi a kan tebur.

"Sha mini nawa."

Ta sha nata, ta sha nasa, yana bin maƙogwaronta da kallo yana tambaya, "Ya ji ganye? Sukarin fa?" 'Yar Yaya, wadda ake kira Tsuntsuwa saboda tsattsagar abincin da take yi, takan ce, "Kawu, kai ne mutum na farko da na ga yana shan shayi da bakin wani."

Da yammar ranar da suka ga likita, bayan sun gama cin abinci, Auta ya ajiye wata 'yar jar ƙwaya a gefen kofin Yaya.

"Me suka ce?"

"Kullum, kada ki tsallake."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan." Ya mai da hankalinsa kan wata fanka da ya barbaza a ƙarshen tebur. "Tana da ƙarni fa. Kora da shayi tun yana da zafi."

Ta kora. Ya turo nasa, ta shanye.

Daga ranar Auta ya zama nas ɗinta. Shi ke ajiyar kwalbar maganin, shi ke tuna mata. Har tsohon flas ya zaƙulo ya wanke, yana cika mata shi kullum ta tafi wurin aiki, wai kada ta ci abincin rana a bushe. Shayin ma ya canja. Ganye ya ƙaru, zaman buta a kan wuta ya ƙaru, in ta kurɓa sai ta ji harshenta ya ɗaure.

"Auta, wannan shayi ne ko kwalta?"

"Ke fa kike neman jini. Sha mai ƙarfi ki yi ƙarfi."

Daɗi ya cika ta. A ranta ta ce, yaron nan ya ƙosa ya warke. Da farko ai ja da baya ya riƙa yi da maganar dashen, sai da ta buɗe masa wuta.

Sai dai ƙarfin bai zo ba. A gidan wankin, inda take tsayuwa yini guda cikin tururi tana ciyar da ƙaton injin guga zannuwan otal, sai ta riƙa jin ƙasa na juya mata. Hawa benen gidansu ya koma aiki, sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango, zuciyarta na bugawa a kunnuwanta. Bayan kowane abinci cikinta ya yi dam, ƙirjinta na zafi. Ga wata sabuwar jaraba, ƙanƙara. Sai ta buɗe firjin ma'aikata ta ɗebo tana gurgura kamar alewa.

Abokiyar aikinta, wata dattijuwa da ake kira Rediyo saboda ba ta da wajen kashewa, ta ja mata fatar ido ƙasa ta leƙa.

"Ke! Idon nan fari fat kamar zanen da muka wanke. Anya kina shan maganin nan, ko kaji kike watsa wa?"

"Kullum wallahi. Auta ba ya bari in tsallake."

"To ki ci nama mana."

"Naman nasa ne, likita ya ce jikinsa na buƙata. Ni wake da ganye sun ishe ni."

"Sun ishe ki, shi ya sa kike tafiya kamar labule."

Da aka sake gwajin, likita ya daɗe yana kallon kwamfutar.

"Bai motsa ba. Ya ma ɗan sauka. Kina shan maganin kuwa?"

"A gabana take sha, likita," in ji Auta, idonsa na ƙasa.

"To akwai inda jinin ke zurarewa ba mu sani ba. Sai mun gano. Ba na cire ƙoda daga jikin da ban san abin da ke damunsa ba."

Nan aka shiga yawo da ita. Aka zura mata bututu mai kyamara ta maƙogwaro, tana kakarin amai hawaye na zuba. Aka ɗauki hoton cikinta ta nan, aka ɗauka ta can. Kowane gwaji da layinsa, kowane sakamako da jiransa. Makonni suka tafi, ba a ga komai ba.

Ciwon Auta kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Jijiyar hannunsa da ake jona injin ta toshe, aka sa masa wani bututu a wuya aka manne da filasta. Nas ta ce na ɗan lokaci ne, don ƙwayoyin cuta suna son irin wannan ƙofa, ba a so ta daɗe a buɗe. Ya fara barci a zaune saboda numfashi. Wata fanka ta yi kwanaki a kan tebur cikinta a waje, har mai ita ya hawo ya tattara abinsa cikin leda yana ba da haƙuri.

Ranar Yaya ta zauna a matakala ta yi kuka mai isarta kafin ta shiga gida. Ƙodar tana nan a jikinta, lafiyayya, an ce ta dace, amma jikin ya ƙi sakinta. Da suka gama cin abinci ta kasa daurewa.

"Auta, ka yafe mini. Jikina ya ci amanarka."

Ya dire kofinsa har shayin ya zuba a gefe. "Kada ki ƙara faɗin haka. Ba laifinki ba ne."

"To na wa?"

Ya shaƙi tururin a gurguje, ya turo mata. Muryarsa can ƙasa ya ce, "Sha mini nawa."

Ranar da maganin ya ƙare ta zo daidai da ranar wankin ƙodarsa. Da safe ya tashi jiri na ɗibarsa, dole Yaya ta nemi izini a wurin aiki ta raka shi. Ta ga an jona shi da injin, ta ɗauki kwalbar maganinta da babu komai a ciki.

"Bar shi, in na gama zan karɓo," in ji Auta da sauri.

"Kai da ko tsayuwa ba ka iyawa? Kwanta."

"Yaya, layin nan zai wahalar da ke."

Ta riga ta kai ƙofa.

Mai ba da maganin wata mata ce mai gilashi, hannunta da sauri bakinta da sauri. Ta miƙo sabuwar kwalba ta taga. Da yake Yaya ba ta sha na safe ba, nan take ta ɓalle murfin ta jefa ɗaya a baki, ta ciro flas daga jaka ta tsiyaya.

"Tsaya, tsaya! Mene ne wannan?"

Yaya ta tsaya da murfin flas a leɓe. "Shayi ne."

"Da shi kike shan maganin?"

"Kullum. Yana kashe ƙarnin."

Matar ta zare gilashinta. "Innalillahi. Baiwar Allah, ai zubar da maganin kike yi. Kin san abin nan da ke ɗaure harshe a shayi? Shi ke kama sinadarin ƙarfe tun a ciki ya ƙulle shi, hanji ya kasa tsotsa, yawancinsa ya wuce a banza. Na ƙwaya da na wake da ganye ya fi kamawa, na nama ne bai cika iya masa ba. Ba wanda ya hana ki shayi. Tazara ake ba shi, awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci da magani. Ƙwayar kuma da ruwa, ko da lemon zaƙi, shi taimaka mata ma yake yi. Kofi nawa kike sha in kin ci abinci?"

"Biyu," in ji Yaya. "Ba wanda ya gaya mini."

Matar ta duba katin. "A'a, ba ƙaninki ke karɓa miki ba? Mai bututu a wuya, mai barkwancin nan? Ai duk zuwan da ya yi sai na maimaita masa. Shi da ya fi kowa tambaya ma. Ranar farko har ce mini ya yi, in shayin ya yi kauri ya fi hanawa? Na ce ƙwarai kuwa. A raina na ce, wannan mata ta yi sa'ar ƙani."

Na bayanta a layi ya yi gyaran murya. Yaya ta matsa gefe. Ƙwayar na nan a kan harshenta ta fara narkewa, ƙarnin ƙarfe ya cika mata baki. Ta haɗiye ta haka a bushe.

Ɗakin wankin ƙoda dogo ne, kujeru a jere, kowace da injinta yana gunji ƙasa-ƙasa, jini na zagayawa cikin siraran bututu. Auta na can ƙarshe kusa da taga, an rufa masa bargo. Ta ajiye flas ɗin a kan cinyarsa.

"Daga wajen ba da magani nake."

Ya dubi flas ɗin, ya dube ta. Bai yi ko yunƙurin musu ba.

"Mai gilashin nan ce?"

"Ita."

"Baki gare ta."

Da ba don bututun wuyansa ba, da ta zabga masa mari. Ta sunkuyo har tana jin numfashinsa, tana magana ta cikin haƙora. "Kana kallona. Kana kallo aka zura mini bututu a maƙogwaro. Kana kallo ina dafa bango a matakala. Na zauna a gabanka ina neman gafararka, Auta, ka turo mini kofi!"

Tsohon da ke kujerar gefe ya juya kansa wajen bango ya rufe ido.

"Ranar da aka shiga da mijinki ɗakin tiyata," in ji Auta a hankali, "wa ya raka shi?"

Mijinta ya rasu tun Tsuntsuwa na ƙarama, a wani aiki da aka ce ƙarami ne, za a sallame shi a ranar. Shi ya sa ma ita ba ta bar wurin aiki ta raka shi ba.

"Ni na raka shi. Da ƙafarsa ya shiga, yana tsokanata wai in nemi mata kafin gashina ya ƙare. Ya cire takalmansa ya ba ni, ya ce riƙe mini, yanzu zan fito. Ni na hau benen nan da takalman a hannu. Tsuntsuwa ce ta buɗe ƙofa. Ba ta kalli fuskata ba, Yaya, hannuna ta kalla." Ya ɗago ya dube ta. "Ba zan farka da ƙodarki a cikina a miƙo mini takalmanki ba."

"Me ya hana ka buɗe baki ka ce ba ka so?"

"Na faɗa. Sau nawa? Kika ce in rufe miki baki, ke kika goya ni. Wa ya taɓa ce miki a'a ya sha? Ko Inna ba ta iya ba."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona ta ke nan.

"To naka takalman fa?" ta ce. "Wa zai hau benen da su? Ka yanke mini hukunci ba ka tambaye ni ba."

"Ke ma haka kika yi mini."

Injin ya ci gaba da gunjinsa. Ta ɗauke flas ɗin, ta shiga banɗakin da ke ƙarshen ɗakin ta tuttular da shi. Baƙin ruwan ya daɗe yana zagaya ramin kafin ya tafi.

Suna komawa gida ta hau kujera ta ɗora butar Inna a saman kabad, can inda hannu ba ya kaiwa. A karon farko a rayuwarsu aka ɗauke kwanuka daga tebur ba a zuba komai ba. Kowa ya tashi ya kama gabansa.

"Gidan nan ya koma ɗakin jarrabawa," in ji Tsuntsuwa. Ba wanda ya yi dariya.

Kowace safiya Yaya za ta tsaya a gabansa ta matse lemon zaƙi a kofi, ta haɗiye ƙwayar tana kallon tsakiyar idonsa. Rediyo, da ta ji labari, ta yi salati ta tafa hannu, washegari ta zo da soyayyar hanta a kwano ta tsaya a kanta sai da ta cinye. Likita ma da ya ji, ya dafe goshi ya ce laifinsa ne da bai tsaya ya yi mata bayani da bakinsa ba. A hankali matakalar ta fara gajarta. Nauyin cikin nan ya tafi. Wata rana ta buɗe firjin ma'aikata, ta kalli ƙanƙara, ta ji ba ta sha'awa.

Amma ita da Auta sai gaisuwa.

Wata ranar hutu da rana ta fito daga wanka ta same shi zaune a tebur shi kaɗai. Ya zuba busasshen ganyen shayi a kofin da babu ruwa, ya riƙe da hannu bibbiyu a hanci, idonsa a rufe. Wuyansa ya zama siriri, filastar ta fi shi faɗi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta jawo kujera ta hau, ta sauko da butar.

Ya buɗe ido. "Awa biyu sun cika?"

"Sun wuce. Tashi ka dafa. Mara kauri."

Ya dafa, ya zuba biyu, ya shaƙi nasa. Kafin ya turo ta dafa hannunsa.

"Auta, yau tambayarka nake yi. Kana so, ko ba ka so? In ka ce a'a, wallahi zan ji."

Ya kalli tururin. "Tsoro nake ji."

"Ni ma."

"Na gaji, Yaya. Ina so in cika kofi da ruwa in shanye ba wanda ya auna mini. Ina so in sha nawa da bakina." Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. "Ina so. Amma ki shiga da takalmanki har ciki. Kada ki ba kowa riƙo."

Ta yi dariya tana kuka. "In sun hana fa?"

"Ke? Su gwada."

Ya turo kofin, ta sha masa.

Zazzaɓi ya rufe Auta ne ana gobe Yaya za ta koma gwaji. Da rana tsaka ya fara rawar ɗari har haƙoransa na haɗuwa, gefen filastar ya yi ja ya kumbura. Maƙwabta biyu ne suka sauko da shi daga bene a kan kujera. A asibiti aka cire bututun, aka rataya masa ledojin magani, aka ce a jira.

Ta bar shi yana barci ta je aka ɗebi jininta. Da sakamakon ya fito likita ya kira ta ofis. Wannan karon bai juyo da kwamfutar ba.

"Jininki ya hau. Ya kai har ya wuce inda muke nema."

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba. "To a sa rana! Gobe ma a shirye nake."

"Zauna, Yaya." Bai taɓa kiranta haka ba. "Ƙwayar cutar ta bi ta bututun ta shiga jininsa, ta kai zuciya. Ba zai iya ɗaukar tiyata a haka ba. Sai mun kashe ta tukuna, in zuciyar ta jure."

Ta koma ta zauna. "Da an yi tun farko fa? Tun kafin a sa masa bututun?"

"Ban sani ba," in ji likita. "Wataƙila."

Auta na farke da ta koma, idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe ya tsage. Ta zauna a bakin gadon ta jiƙa auduga tana goga masa.

"Ya hau?" ya tambaya.

"Ya hau. Har ya wuce."

"Na gani a fuskarki. Kin daina kama da labule." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ashe da gaske mai gilashin nan take."

"Saura kai. Ka yi sauri ka warke, ƙodar nan ta gaji da jira."

"To, Yaya."

Tun yana yaro haka yake cewa in ya san ba zai yi abu ba.

Ya ɗan yi kwanaki yana fama, wata rana ya gane ta, wata rana ya kira ta Inna ya ce a sauke buta ta tafasa. Ranar ƙarshe da hantsi, tana riƙe da hannunsa tana ba shi labarin wani shirmen Rediyo, sai ta ji yatsunsa sun saki. Ta ci gaba da labarin har ƙarshe, don ba ta san abin da za ta yi in ta tsaya ba.

Da za ta bar asibitin nas ta biyo ta da leda. Rigarsa ce a ciki, da 'yar kwalbar da ake auna masa ruwa, da silifas ɗinsa, igiyoyin sun buɗe saboda kumburi. Ledar ta yage a bas, dole ta riƙe silifas ɗin a hannu.

Ta hau benen ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Numfashinta daidai, ƙafafunta da ƙarfi, zuciyarta ba ta buga a kunne ba. A bakin ƙofa ta tuna, ta yi saurin mai da hannunta baya. Ta makara. Tsuntsuwa ta riga ta buɗe, kuma ba fuskar uwarta take kallo ba.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya koma su biyu. Wata yamma suka ci abinci shiru. Tsuntsuwa ta tashi ta ɗauko butar za ta ɗora.

"Ba yanzu ba," in ji Yaya. "Bari abincin ya sauka."

Suka zauna suna jira, tebur a share, ba noti ba sukurdireba. Da lokaci ya yi yarinyar ta dafa, ta kawo, ta zuba. Sai da ta ajiye butar ta ga kofi biyu ta zuba wa uwarta. Ta kai hannu za ta ɗauke ɗaya.

"Bar shi."

Yaya ta sha nata. Ɗayan na can ɗaya gefen teburin, gaban kujerar da ba kowa, tururinsa na tashi. Ta zuba masa ido tana jira a turo mata shi, har tururin ya ƙare.